Wai robot ba Turanci ba ne? Kalmomin da Ingilishi ya aro daga Rashawa da danginsu

Malam Mai Alli:
Salamu alaikum jama'ar zaure. In ana zancen inda Turancin Ingilishi ya samo kalmominsa, Faransanci da Latin ake fara kira, sai wani ya tuna da Larabci ya kawo sugar da cotton da algebra, shi ke nan an rufe babi. To akwai wani gida da Ingilishi ya ci bashinsa wanda ba a cika faɗa ba, gidan mutanen da Turawa ke kira Slav, mu ce Silabawa. Su ne Rashawa da mutanen Yukren da Belarus ta gabas, mutanen Polan da Cek da Sulobakiya ta yamma, sai Sabiyawa da Kuroshiyawa da Bulgeriyawa da maƙwabtansu ta kudu. Hangare da Romaniya suna tsakiyarsu amma ba danginsu ba ne, kada a haɗa.

Bari in fara da robot, abin da muke cewa mutum-mutumi. A 1920 wani marubucin Cek, Karel Čapek, ya rubuta wasan kwaikwayo mai suna R.U.R., aka nuna shi a birnin Prag a farkon 1921. Labarin wani kamfani ne da ke ƙera halittu masu siffar mutane don su ɗauke wa ɗan Adam aiki, daga baya suka yi tawaye suka gama da masu su. Shi da bakinsa ya ce yayansa Josef, wanda mai zane ne, ya ba shi sunan. A harshen Cek, robota shi ne aikin dole da talaka ke yi wa mai ƙasa a gonarsa, kwana kaza a mako, ba ko sisi. Sai a 1848 aka soke shi a daular Ostiriya. Wasan ya isa New York a 1922, ya isa Landan a 1923, kalmar ta zauna ke nan. Wa ke da wata?

Baba Injiniya:
Wa alaikumus salam Malam. Ka taɓo mini inda ke mini ƙaiƙayi. Ni a Tarayyar Sobiyet na yi karatu, ƙarshen shekarun 1970, lokacin da ake ta tura yara saboda aikin ƙarfe na Ajakuta da Rashawa suka zo ginawa. Shekarar farko ba a koya maka komai sai harshe, muna ce mata podfak. A Rashanci rabota aiki ne kawai, kowane irin aiki, na ofis ko na gona. Amma rab bawa ne. Tushensu ɗaya da wannan robota taka.

Hajiya Mai Zaure:
Ashe noman gandu ne. Kakata ta sha ba mu labarin yadda bayi ke yi wa ubangijinsu noma tun hantsi har azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa. Wato na'urar da ake ta tsoron za ta ƙwace wa mutane aiki sunan ɗan gandu aka raɗa mata. Ku ci gaba, ina biye.

Sarkin Musu:
Allah gafarta Malam, robot na yarda. Amma na san inda za a dosa. Yanzu za a jero mana vodka da samovar da glasnost da dacha a ce Ingilishi ya aro. Ni ban ga aro a nan ba. Bature ya je Rasha ya ga abin da babu a garinsu, ya tambayi sunansa, ya rubuta. In Bature ya ce ya ci tuwo a Kano, tuwo ya zama Turanci ke nan? Ƙamus ɗin Oxford ya saka Kannywood a 2020, ya saka suya daga baya. Je ka Manchester ka tare wata tsohuwa ka ce mata Kannywood ka ga. Shiga ƙamus daban, shiga bakin mutane daban.

Malam Mai Alli:
Musunka yau da hujja ya zo. Ga ma'aunin da nake amfani da shi: in kalma ta bar abin da aka raɗa mata don shi ta koma wani aiki, ko ta hayayyafa, to ta zama 'yar gida. Robot ya haifi robotic da robotics da bot ɗin da ke damun mu a intanet. Ɗauki mammoth. Rashawa ne suka kira wata giwa mai gashi ta zamanin da, wadda ake tono haurenta a ƙanƙarar Sayiberiya, da sunan mamont. Wajen 1700 kalmar ta shiga Ingilishi a matsayin sunan dabba. Amurkawa suka mayar da ita siffar duk wani abu ƙato. Ranar 1 ga Janairun 1802 manoman wani gari a Massachusetts suka kai wa shugaba Thomas Jefferson wani jibgegen cuku, jaridu suka yi ta kiransa mammoth cheese. Yau buɗe kowace jaridar Nijeriya lokacin kamfe, ba ɗan takarar da ba a ce mammoth crowd ya tarbe shi ba, ko da mutanen ba su cika rumfa biyu ba. Ɗan jaridar da ya rubuta bai san da wata giwa ba.

Haka czar ko tsar, sarautar sarkin Rasha. Ivan na huɗu ne ya fara naɗa ta a hukumance a 1547. Yanzu duk wanda aka ba shugabancin EFCC sai ka ji jaridu na ce masa anti-graft czar.

Alaramma na Ƙofar Doka:
Malam, wannan tsar ɗin ai mun riga Turawa saninsa ta wata ƙofar. Kaisar ne, wanda muke karantawa a littattafan sira, Kisra na Farisa da Kaisar na Rum. Daga sunan Julius Caesar aka samo, Larabawa suka ce Ƙaisar, Jamusawa suka ce Kaiser, Silabawa suka taƙaita. Kuma Bulgeriyawa sun riga Rashawa da shekaru ɗaruruwa, tun sarkinsu Simeon a farkon ƙarni na 10.

'Yar Likita:
Ina wuni iyayena da yayyena. Ni a Kharkiv ta Yukren nake karatu kafin yaƙi ya taso mu a 2022. Wadda ta fi ba ni dariya ita ce babushka. A can kaka ce, ko duk wata tsohuwa. Za ka gan su bakin matakalar jirgin ƙarƙashin ƙasa cikin sanyin nan mai shiga ƙashi, sun ɗora kwali a kan bokiti, sun jera kwalaben kokwamba da aka jiƙa a ruwan gishiri, da 'ya'yan furen rana soyayyu da suke aunawa da kofin gilashi. Kowace ta ɗaure kallabi a ƙarƙashin haɓa. In ta gan ka ba hula sai ta yi maka faɗa kamar ita ta haife ka. To a Turancin Amurka babushka kallabin ne, ba tsohuwar ba. Kuma a gaɓar farko ake danna murya, BA-bushka, su kuwa sai su ce ba-BUSH-ka.

Sarkin Musu:
Ƙanwata wannan ai kuskure ne ya zama doka, ba aro ba.

Malam Mai Alli:
Rabin aro ai haka yake. Mu da muka ɗauki wani kamfani muka mayar da shi sunan kowane garin sabulu, da wa muka yi shawara?

Baba Injiniya:
'Yata ta tuna mini da samovar. Ma'anarsa mai tafasa kansa. Tulu ne na tagulla, da bututu a tsakiyarsa inda ake zuba gawayi, ruwa na kewaye da bututun, ga famfo a ƙasa, ga 'yar buta a sama da ganyen shayi mai kauri. Ka zuba kaɗan daga butar, ka cika da ruwan zafi. Garin Tula ne ya yi suna wajen ƙera shi. Su chai suke cewa, mu shayi, Larabawa shay, duk daga Sin aka kwaso.

Ɗan Maraɗi:
Sallama gare ku mutanen Nijeriya. Ku kuna cewa naktaye, mu da Faransa ta raina cravate muka sani, kuma Ingilishi ma yana da cravat. Sunan Kuroshiyawa ne, su Hrvat suke kiran kansu. A yaƙin shekara talatin na Turai, 1618 zuwa 1648, sojan hayarsu sunka yi wa sarkin Faransa aiki, suna ɗaure wani ƙyalle a wuya. Mutanen Paris sunka gani sunka kwaikwaya, sunka ba ƙyallen sunan masu shi.

Amma babbar da kunka manta ita ce dollar. Daga ƙasar Cek ta fito. Mu nan har gobe da dala muke lissafi, dala ɗaya sefa biyar, in anka ce dala ashirin ɗari ke nan.

Malam Mai Alli:
A nan zan tsaya maka, ɗan'uwa. Garin a ƙasar Cek yake, gaskiya ne, yau ana ce masa Jáchymov. Amma lokacin da aka fara buga kuɗin azurfar a wajen 1520, masu haƙar ma'adinin Jamusanci suke yi, sunan garin Joachimsthal, wato kwarin Joachim. Kuɗin ya zama Joachimsthaler, aka gutsure shi ya koma thaler, mutanen Holan suka ce daalder, Ingilishi ya ce dollar. Thal Jamusanci ne tsantsa. Ƙasar Silabawa ce, kalmar ba tasu ba ce.

Ɗan Maraɗi:
Azurfar dai daga ƙasarsu anka haƙo ta, Malam. Kuma wannan garin na san shi ta wata hanya: daga ramukansa anka kai wa Marie Curie dutsen da ta fitar da radium a 1898. Yuraniyom ne a wurin, irin namu na Arlit. Ita kanta 'yar Polan ce, shi ya sa ta raɗa wa ɗayan sinadarin polonium.

Hajiya Mai Zaure:
Mu ma nan kafin naira muna da dala, sule biyu, wasu su ce fataka. Kuma a adakar kakata akwai wata tsohuwar azurfa mai nauyi da hoton wata ƙatuwar Baturiya, an huda ta an zura zare.

Malam Mai Alli:
Maria Theresa ce Hajiya, sarauniyar Ostiriya. In kin duba za ki ga 1780 a jiki, shekarar da ta rasu, don ko bayan mutuwarta an ci gaba da buga kuɗin da wannan shekarar. Fatake ne suka ƙetaro Sahara da shi har Borno da Kano.

Sarkin Musu:
Yawwa. Tunda Malam ya kori dollar don tushenta ba na Silabawa ba ne, sai ya kori mammoth ma. Rashawa a bakin mutanen Sayiberiya suka ji ta. Tundra ta mutanen Sami ce na can arewa. Taiga da Cossack daga dangin Turkanci suke. Tsar ɗin ma Alaramma ya nuna mana Latin ne. Paprika ta biyo ta Hangare daga Sabiyawa, su kuma daga piper na Latin. In aka tankaɗe, me zai rage a rariya?

Malam Mai Alli:
Bambancin a fili yake. Mammoth ta kwana a bakin Rashawa, sun sarrafa ta, daga hannunsu Turawan yamma suka karɓa. Dollar kuwa ba ta bi ta harshen Cek ba kafin ta isa Ingila. Wanda ya miƙo maka kaya shi ka ara a wurinsa, ko da shi ma arowa ya yi. In ba haka ba, sai mu ce Hausa ba ta ari alƙalami daga Larabci ba tunda Larabawa daga Girkawa suka samo. Ga horde ma, gungun mutane: asalinta ordu ce ta Turkawa, sansanin mayaƙa, ta biyo ta Polan ta shiga yamma. Wannan ordu ɗin ce ta ba harshen Urdu na Pakistan sunansa.

'Yar Likita:
Malam a saka bistro. Wani malaminmu ya ce lokacin da sojan Rasha suka shiga Paris a 1814 bayan sun karya Napoleon, sai su shiga gidan abinci suna ihun bystro, bystro, wato maza-maza, shi ne ƙananan gidajen abinci suka samu suna.

Malam Mai Alli:
Labarin da daɗi 'yata, har allo aka kafa masa a unguwar Montmartre. Matsalar ita ce ba a ga kalmar a rubuce a Faransanci ba sai shekarun 1880, kusan shekara saba'in bayan tafiyar sojan. Ina ta ɓuya duk tsawon nan, a garin da ake buga jarida kullum? Masana harshe ba su karɓe shi ba.

Baba Injiniya:
A koma kan ƙarfe, nan ne fagena. Howitzer, wato igwa. A 1415 aka ƙone wani malamin coci ɗan Cek, Jan Hus, a birnin Konstanz saboda ya soki manyan coci. Mabiyansa suka ɗau makami daga 1419 zuwa 1434. Manoma ne galibi, ba su da dawaki da sulke irin na sarakuna. Jagoransu Jan Žižka, mai ido ɗaya, sai ya sa aka ɗaure kekunan shanu da sarƙa aka yi ganuwa da su, aka ɗora ƙananan igwa a tsakani. Igwar da ake harbawa cikin taron abokan gaba suka kira houfnice, daga houf, taro. Jamusawa da suka sha wuta suka tafi da kalmar. Bindigar hannunsu kuma píšťala, wato sarewa, saboda siffarta, kuma da yawan masana daga nan suke fitar da pistol, ko da yake wasu na cewa daga garin Pistoia na Italiya ne.

Sarkin Musu:
Baba ranka ya daɗe, houf ɗin ma daga Jamusanci mutanen Cek suka ɗauka. Kayan Jamus ne aka mayar musu da harsashi a ciki.

Ɗan Maraɗi:
Mu kalash muka sani. Mikhail Kalashnikov, AK-47, bindigarsa ta 1947. Har a tutar Mozambik tana nan. Allah ya raba mu da jin ƙararta a dazukanmu.

Baba Injiniya:
Amin ɗana. Akwai kuma Molotov cocktail, bam ɗin kwalba da fetur. Wannan ba Rashawa suka raɗa ba, mutanen Finlan ne a yaƙin hunturu na 1939 zuwa 1940, don su yi wa ministan harkokin wajen Sobiyet shaƙiyanci. Shi ma Molotov ba sunan yanka ba ne, Skryabin yake, ya ɗauki laƙabi daga molot, guduma.

Alaramma na Ƙofar Doka:
Kun zagaya kun bar mafi nauyinsu. Slave, bawa. Sunan Silabawan ne kansu. A ƙarni na 9 da na 10 an yi ta kamo su a yaƙe-yaƙen gabashin Turai ana sayarwa, don a lokacin da yawansu ba su shiga Kiristanci ba, kowa na ganin halal ne a gare shi. Yawansu a kasuwa ya sa a Girkancin Rumawa da Latin na wancan zamani sunan ƙabilar ya koma ma'anar bawa, sclavus, ya ture tsohuwar kalmar servus. Faransanci ya ce esclave, Ingilishi ya karɓa wajen 1300.

Kuma kada mu ɗora wa Turawa kaɗai, littattafanmu sun shaida. Larabawa Saƙaliba suke ce musu. Wani matafiyi daga Andalus, Ibrahim bin Yaƙub, ya je Prag wajen 965 ya bayyana kasuwarta, ya lissafa bayi cikin hajar da ake fita da ita. A fadar Ƙurɗuba zamanin Abdurrahman na uku Saƙaliba sun cika gidan sarki da rundunar soja. Da halifancin ya wargaje a ƙarni na 11, wasunsu suka zama sarakuna da kansu a garuruwa irin su Denia da Almeriya. Wanda ya san tarihin bayin sarki a Kano, su Shamaki da Ɗan Rimi, ba zai yi mamaki ba.

Ƙarin bayani: ciao ɗin da yara ke rubutawa in za su yi sallama daga nan take. Gaisuwar mutanen Venice ce, ma'anarta ni bawanka ne.

'Yar Likita:
Allah gafarta Malam, su fa ba sa son wannan zancen ko kaɗan. Abokan karatuna cewa suke sunansu daga slava ne, ɗaukaka, shi ya sa suke da sunaye irin Yaroslav da Stanislav.

Malam Mai Alli:
Ba saɓani a nan. Ba wanda ya ce sunansu daga bawa aka samo, bawa ne aka samo daga sunansu. Amma a kan tushen sunan, masana sun fi karkata ga slovo, wato kalma ko magana. Su ne masu magana, waɗanda ke jin juna. Hujjar ita ce sunan da suka ba maƙwabtansu Jamusawa: nemtsy a Rashanci, Niemcy a harshen Polan, ma'anarsa bebaye.

Alaramma na Ƙofar Doka:
Sak abin da Larabawa suka yi da ajam, wanda bai iya fayyace magana ba, har rubutunmu ya zama ajami. Kuma wannan nemtsy ta biyo ta Turkawan Usmaniyya ta shiga Larabci. Har yau Annimsa ake ce wa Ostiriya a labaran Larabci.

Sarkin Musu:
To ga wata da nake so a amsa mini. Ku dubi abin da Ingilishi ya kwaso daga Rashanci tun ƙarshen ƙarni na 19. Pogrom, daga kalmar ragargazawa, farmakin da aka riƙa kai wa Yahudawa bayan kisan sarki Alexander na biyu a 1881, kuma kalmar da za ka tarar a littattafai da dama kan kashe-kashen 1966 a nan Arewa. Gulag, taƙaitaccen sunan hukumar sansanonin aikin dole, wanda littafin Solzhenitsyn na 1973 ya yaɗa. Apparatchik, ɗan amshin shatan jam'iyya. Kompromat, tara asirin mutum don a riƙe shi da shi. Agitprop, farfaganda. Duk baƙin labari. Ni a ganina wannan jeri bai nuna yadda Rasha take ba, ya nuna wanda ke riƙe da jarida. Abokin gaba ba ya aro maka kalmar yabo.

Baba Injiniya:
Kai yaro, yau ka faɗi gaskiya. Amma akwai ranar da ba su da zaɓi. 4 ga Oktoban 1957, Sputnik, tauraron ɗan Adam na farko. Ma'anarsa abokin tafiya: s tare da, put hanya, nik mai yi. Amurka ta ruɗe har wutsiyar kalmar ta zama yayi, a 1958 wani ɗan jarida a San Francisco ya ƙirƙiro beatnik. Sai Gagarin, mutum na farko da ya je sararin samaniya, a 12 ga Afrilun 1961, dole aka koyi cosmonaut, wato ɗan sama jannati. Wannan tseren ne ya sa Amurkawa suka kafa tashar bibiyar kumbo a Kano, tsofaffin gari sun san da ita. Mu kuwa da dare muna kama sashen Hausa na Rediyon Mosko. A Mosko an buga ƙamus na Hausa da Rashanci tun 1963 ƙarƙashin masani Olderogge, kuma jami'ar Warsaw ta daɗe tana koyar da Hausa. Mutanen nan sun ɗauke mu da daraja.

'Yar Likita:
Baba ka yi haƙuri, gulag ba jarida ce ta ƙirƙiro shi ba. Na zauna da waɗanda aka kwashe kakanninsu ba su dawo ba. Kuma ni da na kwana a tashar ƙarƙashin ƙasa ana ruwan bam a kanmu, ba zan iya jin daɗin yabon nan ba. Ko a kalmomin ma ana danne mutanen Yukren. Borscht, miyar nan ja mai kabeji da ake ɗiga wa kindirmo mai kauri, kowa na cewa ta Rasha ce, alhali UNESCO a 2022 ta rubuta al'adar dafa ta a Yukren cikin abin da ke buƙatar kariya ta gaggawa. Harafin t na ƙarshe ma ba nasu ba ne, Yahudawan gabashin Turai ne suka kai ta New York da lafazinsu.

Baba Injiniya:
'Yata, Allah ya kiyaye gaba. Ban ce ba a yi zalunci ba. Lokacinmu ƙasa ɗaya ce, ɗan Kiev da ɗan Mosko ɗaki ɗaya muke kwana.

'Yar Likita:
Kyiv, Baba. Su haka suke so a rubuta.

Hajiya Mai Zaure:
To a tsaya nan. Zauren harshe ne, ba na son a wayi gari ana ɗinka mana tutoci kamar na zanga-zangar 2024. Mai son yaƙin Yukren ya buɗe nasa zancen. Sarkin Musu, glasnost da perestroika na Gorbachev ai ba zagi ba ne, faɗin gaskiya a fili da sake gini. Intelligentsia ma haka.

Sarkin Musu:
Hajiya, waɗancan biyun sun mutu tare da Sobiyet a 1991, sai a ajin tarihi. Intelligentsia kuwa 'yan boko ke nan, ki tambayi mutanen gari ko yabo ne.

Ɗan Maraɗi:
Ni tambaya gare ni. Yarana na kallon finafinan vampire, na ce musu maye ne, sunka ce ba maye ba ne. Ita ma daga can take?

Malam Mai Alli:
Yaranka sun fi ka gaskiya. Maye rayayye ne, kurwa yake kamawa. Vampire matacce ne da aka yi imani yana fitowa daga kabari ya sha jinin danginsa. Kalmar ta Sabiyawa ce, vampir, kuma ana iya bin sawunta shekara da shekara. A 1718 Ostiriya ta karɓe arewacin Sabiya daga hannun Turkawa. Jami'anta suka tarar ƙauyawa na tone kaburbura suna soke gawa da turke suna ƙonewa. A 1725 wani jami'i ya aika da rahoto daga ƙauyen Kisiljevo. A farkon 1732 likitan soja Johann Flückinger ya rubuta nasa daga Medveđa bayan an tone gawarwaki a gabansa, ya sa hannu da shaidu. Rahoton ya bazu a Turai, a shekarar nan jaridun Landan suka buga kalmar. Ba a jima ba marubutan Ingila suka fara jifan masu tatsar talaka da ita, daga baya aka raɗa wa wani jemagen Kudancin Amurka mai shan jini. Dracula na 1897 ne ya sa mutane ke zaton abin na Romaniya ne. Rikicin tone-tonen ya kai har Maria Theresa ta tura likitanta Gerard van Swieten ya bincika a 1755, ya ce camfi ne, ta hana.

Ɗan Maraɗi:
Wato Baturiyar da ke cikin adakar kakar Hajiya.

'Yar Likita:
Abin da ƙauyawan suka gani fa sun gan shi da gaske, fassarar ce ta kuskure. Gawa in ta fara ruɓewa iska na taruwa a ciki, sai ta kumbura kamar wanda ya ci ya ƙoshi, iskar ta turo wani ruwa ja-ja ta baki da hanci. Fata na janyewa, farce da gemu su yi kamar sun ƙara tsawo. In aka soka turke a ƙirji, iskar na bi ta maƙogwaro ta fita da gurnani. Ga ƙasar da sanyi, wanda aka binne da hunturu zai iya yin wata biyu bai canza sosai ba. Su kuwa mutanen da ke mutuwa ɗaya bayan ɗaya a gida guda, cuta ce mai yaɗuwa take bin su, sai a ɗora wa wanda ya fara rasuwa.